Daga Springfield zuwa Gettysburg: bin sawun jawaban Abraham Lincoln

Jirgin ƙasan da ke tashi daga babbar tashar Shikago ya nufi St. Louis, sunan Lincoln aka sa masa, kuma shi na hau da sassafe a farkon watan Oktoba. Awa 3 da 'yan mintuna yake ci kafin Springfield, babban birnin jihar Illinois, wajen kilomita 300 a cikin gonakin masara da waken soya, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba kwari. Abin da ya fito da ni shi ne in tsaya da ƙafata a wuraren da Abraham Lincoln ya yi manyan jawabansa, tun yana lauyan da ke yawon kotunan karkara har makon da aka harbe shi a 1865. Ina so in ga girman filayen, in kintaci iyakar inda muryar mutum ɗaya za ta kai, sannan in bi diddigin yadda maganar ta bar bakinsa ta shiga takarda. Na ƙarshen nan ya fi damuna. A zamanin da babu lasifika, babu rediyo, babu abin naɗar murya, jawabin da bai shiga jarida yadda aka faɗe shi ba ya tafi ke nan.

Jirgin yana tsayawa a Bloomington-Normal, kuma a Bloomington ɗin ne aka ga haka ƙarara. Ranar 29 ga Mayun 1856 masu adawa da yaɗuwar bauta suka taru a wani zaure da ake kira Major's Hall, suka kafa jam'iyyar Republican ta jihar. Lincoln ne ya rufe taron, da jawabin da mahalarta suka yi ta cewa ba su taɓa jin irinsa ba. Yau ba mai iya karanta shi. Shi bai rubuta ba, 'yan jaridar da ke wurin kuma gajeren bayani kawai suka fitar. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne daɗin maganar ya sa suka ajiye alƙalami. Wasu masana tarihi kuwa suna ganin zafinta ne ya sa 'yan jam'iyyar suka ƙi a buga ta a shekarar zaɓe. An rushe zauren tuntuni, allon tunawa ne kawai a bakin titi.

A Springfield wurare uku suna kusa da juna, yini ɗaya ya isa a zagaya su da ƙafa: gidansa, tsohuwar majalisar jiha, da tsohuwar tashar jirgi. Gidan yana mahaɗar titin Eighth da Jackson. Ya saye shi a 1844 kan dala 1,500, ya zauna a ciki shekara 17, kuma shi kaɗai ne gidan da ya taɓa mallaka. Ba a biyan kuɗin shiga, domin ɗansa Robert ya ba jiha gidan a 1887 da sharaɗin kada a karɓi ko kwabo a hannun baƙi. Sai dai dole ka karɓi tikiti mai ɗauke da lokaci a ofishin baƙi, ana shiga rukuni-rukuni tare da jami'i, zagayen bai wuce minti 25 ba. Gara a je da hantsi, don ranar da motocin 'yan makaranta suka riga ka za ka sha zama. A falon gidan ne wakilan jam'iyya suka zo suka sanar da shi a hukumance, ranar 19 ga Mayun 1860, cewa shi aka tsayar takarar shugaban ƙasa.

Hanyar da ta kai shi falon nan ba miƙaƙƙiya ba ce. Kilomita 32 arewa maso yammacin birnin akwai New Salem, ƙauyen bukkokin katako da aka sake ginawa a shekarun 1930, inda ya zauna daga 1831 zuwa 1837 yana tsaron kanti, yana riƙe gidan waya, yana awon filaye. A nan ya fara takarar majalisar jiha a 1832 ya faɗi, duk da cewa a akwatin ƙauyensu ya samu ƙuri'a 277 cikin 300. Ya ci a 1834, ya yi zango huɗu a jam'iyyar Whig, ya samu lasisin lauya a 1836. Majalisar wakilan tarayya zango ɗaya ya yi, 1847 zuwa 1849, kuma abin da aka fi tunawa da shi a can shi ne ƙudurin da ya kawo yana neman shugaba Polk ya nuna ainihin gurbin da aka zubar da jinin Amurkawa har aka shiga yaƙi da Meksiko. A gida abin bai yi masa farin jini ba. Ya koma aikin lauya, ya yi shiru kusan shekara biyar.

Dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ce ta dawo da shi. Tun 1820 akwai yarjejeniyar da ta haramta bauta a yankunan yamma da ke arewa da wani layi, yankunan da ba su kai ga zama jiha ba. Sanata Stephen Douglas na Illinois ya jagoranci soke haramcin, ya ce mazauna kowane yanki su yanke da ƙuri'arsu. Da na ɗauki hayar mota na nufi arewa sai da na ratsa Peoria, inda ranar 16 ga Oktoban 1854 Douglas ya yi awa 3 yana magana da rana a gaban kotu. Da aka zo kan Lincoln sai ya ce jama'a su je su ci abincin dare su dawo ƙarfe 7, don shi ma zai ci lokaci mai tsawo, kuma Douglas zai mayar da martani a ƙarshe. Dabara ce: magoya bayan Douglas ba za su watse ba tunda gwaninsu ne zai rufe. Ya yi fiye da awa 3. Wannan karon ya rubuta jawabin da hannunsa ya miƙa wa jaridar Springfield, aka buga shi kashi-kashi, shi ya sa har yau muke da shi.

Tsohuwar majalisar jiha tana tsakiyar birni, ginin dutse mai launin ƙasa. A shekarun 1960 aka sauke shi dutse bayan dutse aka sake ɗorawa yadda yake a zamanin Lincoln, saboda haka bangon waje na asali ne, cikin kuwa sabon aiki ne. Zauren wakilai yana hawa na biyu, kuma ƙanƙantarsa ta ba ni mamaki. A nan, da yammacin 16 ga Yunin 1858, bayan jam'iyya ta tsayar da shi takarar sanata don ya kara da Douglas, ya ɗauko aya daga Linjila ya ce gidan da ya rabu yana gāba da kansa ba zai tsaya ba. Ya ce bai yarda gwamnatin nan za ta ɗore har abada rabi bayi rabi 'yantattu ba. Ba ya tsammanin gidan zai rushe, amma rabuwar za ta ƙare, ko dai ya zama wannan gaba ɗaya ko ya zama wancan. Abokansa da ya karanta wa tun kafin ranar, yawancinsu sun ce ya cire wannan sashe, zai jawo masa faɗuwa. Ya ƙi.

Mutane sun fi haddace buɗewar, amma aikin lauyan yana tsakiya. Ya ce idan ka ga katakai da aka sassaƙa a wurare daban-daban, a lokuta daban-daban, a hannun maƙera huɗu, Stephen da Franklin da Roger da James, sannan aka haɗa su suka shiga juna daidai suka ba da gida, da wuya ka yarda ba zane ɗaya suka bi ba. Kowa a zauren ya san su wa yake nufi: Douglas, tsohon shugaba Franklin Pierce, alƙalin alƙalai Roger Taney, da shugaba mai ci James Buchanan. Taney ne a Maris 1857, a shari'ar Dred Scott, ya yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisar tarayya ba ta da ikon hana bauta a yankunan. Lincoln bai ce yana da shaidar haɗin baki ba, ya jera katakan ne ya bar mai sauraro ya yanke. A daren aka kai rubutun ofishin jarida, shi ma ya bi sawu ya duba gyaran bugu da idonsa.

Muhawarorin da Lincoln da Douglas suka yi a 1858 guda bakwai ne, kuma wanda zai bi su ya shirya mota. Illinois tana da mazaɓun tarayya tara a lokacin. Tunda su biyun sun riga sun yi magana a Shikago da Springfield, aka ɗauki gari ɗaya a kowace cikin bakwai da suka rage: Ottawa 21 ga Agusta, Freeport 27 ga Agusta, Jonesboro 15 ga Satumba, Charleston 18 ga Satumba, Galesburg 7 ga Oktoba, Quincy 13, Alton 15. Jirgin fasinja yana zuwa Galesburg da Quincy da Alton, sauran huɗun ba ya shiga, kuma tsakanin Freeport a can arewa da Jonesboro a can kudu akwai sama da kilomita 600. Kwana huɗu na ware musu, ban ga rara ba. Tsarin muhawarar ɗaya ne ko'ina: na farko ya yi minti 60, na biyu ya yi 90, na farkon ya dawo ya rufe da 30. Awa 3 cur, jama'a a tsaye. Douglas ya buɗe huɗu, Lincoln uku, wato Douglas ne ya samu kalmar ƙarshe sau huɗu.

A dandalin Washington Square na Ottawa akwai mutum-mutuminsu na tagulla a tsakiyar ruwa, kuma bambancin tsayin yana nan: Lincoln ƙafa 6 da inci 4, Douglas ƙafa 5 da inci 4. Na tsaya a ƙarshen dandalin na dubi inda dandamalin yake. Taron ya haura mutum 10,000 a rana mai zafi da ƙura, kuma ba yadda za a yi na baya su ji komai sai abin da na gaba suka maimaita musu. Muryar Douglas mai kauri ce, tana da kwarjini daga kusa, amma ta dusashe kafin a kai Alton. Ta Lincoln siririya ce mai tsini, ba daɗi da farko, sai dai tana ratsa taro ta yi nisa. Douglas yana yawo a taragonsa na musamman, da igwa a tarago na baya da ake harbawa a sanar da isowarsa. George McClellan, mataimakin shugaban kamfanin jirgin a lokacin, yana goyon bayansa. Shi ne Lincoln ya naɗa babban kwamandan soja daga baya a yaƙin basasa, ya sauke shi, suka kuma kara a zaɓen 1864.

A Ottawa Douglas ya kai hari da tambayoyi bakwai, ya kuma karanta wasu ƙudurori masu zafi yana cewa na taron Republican ne na Springfield a 1854. Lincoln ya kare kansa kawai, magoya bayansa ba su ji daɗi ba. Cikin kwana shida aka gano ƙudurorin na wani taro ne daban a arewacin jihar, kuma da wannan ya isa Freeport. A can, kusa da dutsen tunawa da shugaba Theodore Roosevelt ya ƙaddamar a 1903, ya amsa bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya ya jefa nasa huɗu. Ta biyu ce ta yi suna: shin mazauna yanki za su iya hana bauta ta hanyar doka kafin yankin ya zama jiha? In Douglas ya ce a'a, ya rushe aƙidarsa ta ƙuri'ar mazauna. In ya ce i, ya saɓa wa Kotun Ƙoli. Ya ce i, za su iya, ta hanyar ƙin kafa dokokin da ke tsare wa mai bawa dukiyarsa. Ana yawan cewa tarko ne ya faɗa ciki bai sani ba, amma ya sha faɗin haka kafin ranar. Abin da Lincoln ya ci shi ne ya sa ya maimaita a gaban masu rubutun gaggawa, maganar ta isa jihohin kudu a buge. A 1860 jam'iyyar Democrat ta dare biyu, 'yan kudu suka ƙi Douglas.

Masu rubutun gaggawan nan su ne sabon abu a 1858. Jaridu biyu na Shikago, ɗaya ta Republican ɗaya ta Democrat, kowace ta tura nata. Da an tashi sai su kama jirgi, a fara warware rubutun a hanya, cikin kwana biyu muhawarar ta fito cikakkiya. Inda matsalar take: kowace jarida tana goge tuntuɓen harshen ɗan takararta, ta bar na abokin hamayya da duk in'inarsa. A Freeport sai da aka jinkirta farawa domin Robert Hitt, mai ɗaukar wa ɓangaren Lincoln, bai iso dandamali ba, Lincoln kuma ya ƙi buɗe baki har aka nemo shi. Bayan zaɓe ya yanko muhawarorin ya manna a kundi, nasa daga jaridar Republican, na Douglas daga ta Democrat, ya soke tafi da sowar da aka rubuta a tsakani. Kundin nan aka buga littafi a Columbus ta jihar Ohio a 1860, ya zama makamin yaƙin neman zaɓensa. Duk wanda ya karanta bugun yau ya sani cewa kowannensu a goge yake gani.

Jonesboro, a yankin da suke kira Masar, taron bai wuce mutum 1,500 ba, wurin kuma yanzu filin shaƙatawa ne a cikin itatuwa. Quincy dandali ne kusa da kogin Misisipi. Galesburg ce kaɗai ginin da aka yi muhawara a jikinsa yake tsaye, wato tsohon ginin kwalejin Knox. Iska mai sanyi ce ta sa ranar aka matsar da dandamalin zuwa bangon gabas, ya toshe ƙofa, manyan baƙi suka fito ta taga. Da na tsaya a jikin bangon na gane dalilin: ginin yana tare iskar yamma, bangon kuma yana mayar da murya wajen jama'a.

Charleston ce ta fi yi mini nauyi. (Kada a haɗa ta da Charleston ta South Carolina, inda Democrat suka rabu; wannan ƙaramin gari ne a gabashin Illinois.) Akwai ɗan gidan tarihi a filin baje kolin gundumar, kuma ba su ɓoye abin da aka faɗa a wurin ba. Lincoln ya buɗe da cewa ba ya goyon bayan daidaita farare da baƙaƙe a zamantakewa ko a siyasa, bai taɓa goyon baya ba. Ba ya son a ba baƙaƙe ƙuri'a, ko zaman taya alƙali yanke hukunci, ko muƙami, ko auratayya da farare. Baƙar fata ba zai karanta wannan zuciyarsa ba ta sosu ba, ni ma ta sosu. Masu kare shi suna cewa yankin ne, ƙuri'ar tsofaffin 'yan Whig yake nema. Gaskiya ne, amma magana zarar bunu ce, kuma Douglas ya kama shi da ita a Galesburg, ya ce launinsa ɗaya a arewa, wani a kudu. Ban ga amfanin wanke shi ba. Ya daɗe yana goyon bayan a kwashe 'yantattun bayi a kai su wata ƙasa, har a Agustan 1862 ya faɗa wa tawagar baƙaƙe haka a fadar shugaban ƙasa. Abin da zan tsaya a kai shi ne akwai gaɓar da bai taɓa saki ba ko a gaban wane taro: a Ottawa ya ce a haƙƙin cin abincin da hannunsa ya nema ba tare da neman izinin kowa ba, baƙar fata daidai yake da shi, daidai da Douglas, daidai da kowane mai rai.

A Alton, a bakin kogi, ya kai gaɓar nan ƙarshenta. Garin da a Nuwamban 1837 'yan tarzoma suka kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy yana kare injin bugunsa, dogon ginshiƙin tunawa da shi yana kan tudu a makabarta. Lincoln ya ce ainihin rigimar tsohuwa ce, tsakanin daidai da ba daidai ba, kuma ruhi ɗaya ne ke cewa kai ka yi wahala ka nemo abinci ni in ci, ko daga bakin sarki ya fito ko daga bakin wata al'umma da ke bautar da wata.

Duk da haka Lincoln ya faɗi zaɓen, kuma dalilin na lissafi ne. A lokacin 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanata, sai a 1913 aka mayar da abin hannun jama'a. 'Yan Republican sun fi yawan ƙuri'a in an haɗa jimla, amma rabon mazaɓu ya tsaya kan tsohuwar ƙidaya, wadda ba ta lissafa cikar da arewacin jihar ya yi ba, kuma wani kaso na dattawan jihar wa'adinsu bai ƙare ba. A Janairun 1859 aka ƙirga: Douglas 54, Lincoln 46.

Daga nan na bi jirgin sama zuwa Niyok. Kwalejin Cooper Union tana Astor Place, babban zauren kuma a ƙarƙashin ƙasa yake, cike da ginshiƙan da ke tare wa mai zama gani. Hanya mafi sauƙi ta shiga ita ce a duba ranar da ake taron jama'a a ciki. Da farko a wata coci ta Brooklyn aka gayyace shi, sai da ya iso ya tarar an mayar da taron nan. Ranar 27 ga Fabrairun 1860 mutum wajen 1,500 suka biya santi 25 kowanne. Ba a fafe gora ranar tafiya: ya yi makonni a ɗakin karatun majalisar Springfield yana tono tsofaffin bayanan zaman majalisa. Douglas ya taɓa cewa iyayen da suka kafa gwamnati sun fi na yanzu fahimtar batun. Lincoln ya ce ya yarda, to su wane ne iyayen? Mutum 39 da suka sa hannu a kundin tsarin mulki. Ya bi ƙuri'unsu daga 1784 zuwa 1820, ya nuna 23 sun taɓa yin hukunci kan batun, 21 daga cikinsu sun amince gwamnatin tarayya tana da ikon taƙaita bauta a yankunan. A ganina wannan ne jawabinsa mafi ƙarfin gini, don hujjar abokin hamayya ya ara ya rusa shi da ita. A ranar Mathew Brady ya ɗauke shi hoton da ya zagaye ƙasar, da dare kuma ya tafi ofishin jaridar Tribune ya duba gyaran bugu. Washegari jaridu huɗu suka buga shi cikakke. Ranar 18 ga Mayu a Shikago, a taron fid da ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ya doke William Seward a zagaye na uku, a Nuwamba ya ci zaɓe da wakilai 180 cikin 303, da ƙasa da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un jama'a.

Tun daga nan jawabansa suka fara gajarta. Bankwanan da ya yi wa mutanen Springfield a tsohuwar tasha ranar 11 ga Fabrairun 1861 bai kai minti biyu ba, kuma da ka ya yi shi. Da jirgi ya tashi ya zauna rubutawa, girgizar tarago ta karkata masa hannu, sakatarensa John Nicolay ya karɓa ya taya shi. Shi ya sa wanda aka sani ya ɗan bambanta da wanda jaridun garin suka ɗauka a wurin.

Gettysburg ba jirgin fasinja, mota ce daga Washinton, wajen kilomita 130. Tashar da Lincoln ya sauka ranar 18 ga Nuwamban 1863, don bikin buɗe makabartar sojoji, tana nan, gidan David Wills inda ya kwana yana dandalin tsakiyar gari, 'yan taku kaɗan. An gwabza a nan daga 1 zuwa 3 ga Yulin wannan shekara, a yaƙin basasa tsakanin sojojin tarayya da na jihohin kudu da suka ɓalle, waɗanda aka kashe da masu rauni da waɗanda suka ɓata suka kai wajen 50,000. Kaburburan sojojin tarayya sama da 3,500 an jera su rabin da'ira, jiha-jiha, 979 ba a san sunansu ba. Ranar buɗewar ba a gama kwaso gawarwakin daga filin daga ba. Kwangilar dala 1.59 ce kan kowace gawa, kuma wani baƙar fata mazaunin garin, Basil Biggs, shi ya jagoranci masu tonon. A wannan shekarar, bayan shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu ta buɗe wa baƙaƙe ƙofar soja, wani haifaffen Kukawa ta Borno, Nicholas Said, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts.

Baƙi da yawa suna tsayawa a gaban ginin tunawa da jawabin, kusa da ƙofa, suna zaton nan ne. Ba nan ba ne. An daɗe ana nuna dogon ginshiƙin tsakiyar kaburburan, amma nazarin tsofaffin hotuna ya kai dandamalin can wajen shingen da ya raba da makabartar gari ta Evergreen. Babban mai jawabi Edward Everett ne, ya yi awa 2. Lincoln an roƙe shi ne ya yi 'yan kalmomi da suka dace, ya yi jimla goma, kalma wajen 272, minti biyu. Labarin cewa a bayan ambulan ɗin wasiƙa ya rubuta a jirgi ba gaskiya ba ne: shafin farko da tawada yake a takardar fadar shugaban ƙasa, na biyu da fensir. Kwafi biyar ya bari da hannunsa. Biyun farko ba su da kalmomin "a ƙarƙashin Ubangiji", alhali 'yan jaridar wurin sun ji ya faɗa, sauran ukun kuma suna da su. Wanda aka fi bugawa shi ne na ƙarshe, da ya sa wa hannu a 1864. Wanda ya ba Everett yana Springfield, amma ba a cika fito da shi ba sai na 'yan kwanaki, galibi a Nuwamba, don haske yana cin tawada.

Lissafin buɗewar shi ne zuciyar jawabin. Ya ce shekara 87 da suka wuce. Cire 87 daga 1863, ka samu 1776, shekarar shelar 'yancin kai da ta ce an halicci dukkan mutane daidai, ba 1787 ta kundin tsarin mulkin da ya haƙura da bauta ba. Bai ambaci bauta da sunanta ba, bai ambaci kudu ko arewa ba, bai ma ambaci sunan garin ba, amma ya matsar da ranar haihuwar ƙasar zuwa kan wannan jimla. Wata jaridar Democrat ta Shikago ta gane abin da ya yi, ta zarge shi da karkatar da tarihi.

A Washinton an sassaƙa wannan jawabi a bangon kudu na ginin tunawa da shi, na rantsuwa ta biyu a bangon arewa. In ka duba da kyau a na arewan za ka ga inda masassaƙi ya sa harafin E a madadin F aka cike ƙasan. Jawabin 4 ga Maris 1865 kalma wajen 700 ne. Ya sa an buga masa shi, ya yayyanka ya manna layi biyu a takarda don sauƙin karantawa. Nasara tana hannu, jama'a suna jiran kirari, shi kuwa ya ce ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke karantawa, Ubangiji ɗaya suke roƙo, kuma in Allah ya so yaƙin ya ci gaba har dukiyar da aka tara da gumin bawa na shekara 250 ta nutse, har kowane ɗigon jinin da bulala ta zubar a biya shi da wanda takobi ya zubar, to hukuncinsa gaskiya ne. Laifin na ƙasar duka ya mayar da shi, arewa da kudu, sannan ya nemi a ɗaure raunuka ba ƙullin kowa a zuci. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta kuma ya sha sukarsa a baya, ya ce masa a liyafar daren aiki ne mai tsarki.

Wuri na ƙarshe da na tsaya shi ne shingen arewa na fadar White House, ta ɓangaren dandalin Lafayette, inda ake hango tagar da ke saman ƙofar shiga. Daga wannan taga, daren 11 ga Afrilun 1865, kwana biyu bayan Janar Lee, babban kwamandan sojojin kudu, ya miƙa wuya, ya karanta rubutaccen jawabi kan yadda za a mayar da jihar Louisiana cikin tarayya. Ɗan jarida Noah Brooks yana riƙe masa kyandir, ƙaramin ɗansa Tad yana tsince shafukan da yake saki ƙasa. A ciki ya ce zai so a ba baƙaƙe masu ilimi da waɗanda suka yi aikin soja ƙuri'a. Kaɗan ne, bai kai abin da ya kamata ba, amma shekara shida da rabi ke nan daga Charleston, kuma babu shugaban Amurka da ya taɓa faɗin haka a bainar jama'a kafin shi. John Wilkes Booth yana cikin taron a farfajiyar. Gidan wasan Ford, inda ya harbe shi daren 14 ga wata, tafiyar minti 15 ce da ƙafa daga shingen, a kan titi na 10, gidan Petersen da Lincoln ya cika a cikinsa washegari ƙarfe 7:22 na safe kuma yana tsallaken titin.